Shayin da bai ga wuta ba: fashin baƙi kan shai hong na lardin Yunnan

Kawuna yana cikin 'yan kasuwar da ke zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya. A wata dawowarsa ya miƙo mini wani abu zagayayye, mai faɗi kamar ƙaramin faifai, naɗe cikin farar takarda mai laushi. Da na kwance sai na ga ganye ne aka danne ya zama curi guda, baƙi-baƙi da ratsin ja, da 'yan siraran toho masu launin zinariya a tsakani. Na kai hanci, ƙamshin bai taso sosai ba, wani abu ne tsakanin busasshiyar ciyawa da dabino.

"Kawu, wannan fa? Magani kuka kawo mana?"

"Shayi ne, ɗana. Wanda ya sayar mini ya ce a rana aka shanya shi, bai ga wuta ba. Ya kuma ce kada a yi gaggawar shanye shi, wai baɗi zai fi bana daɗi."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da na taso na sani shi ne ganyen shayi idan ya daɗe ƙamshinsa gudu yake yi. A daren na yi masa yadda muka saba: na ɓantari babban yanki na jefa a tukunya ya tafasa, na tace, na zuba madara da sukari. Abin da ya fito bai kai na teburin mai shayin unguwarmu ƙarfi ba, ga wani ɗan tsami da bai jitu da madarar ba. Sai da na yi watanni ina bincike ina gwadawa kafin na gane cewa ganyen ba shi da laifi, hanyar da na bi da shi ce ba tasa ba.

Sunansa a bakin masu yin sa shai hong. Hong na nufin ja, domin abin da Turawa suka kira baƙin shayi, Sinawa jan shayi suke ce masa. Bature ya dubi launin busasshen ganye ne, Basine kuwa ya dubi ruwan da ke cikin kofi. Shai kuma ma'anarsa shanya abu a rana. Kunnen Bahaushe zai ji kamar 'yar'uwar kalmar "shayi" ce, amma ba su haɗa dangi ba. Tamu ta biyo ta bakin Larabawa ne, su kuma daga Farisa suka samo ta, tushenta kuma kalmar cha ta Sinanci.

Gidan wannan shayi lardin Yunnan ne, a kudu maso yammacin ƙasar Sin, inda ta yi iyaka da Myanmar da Laos da Vietnam. Kogin Lancang, wanda idan ya fita daga Sin ake kiransa Mekong, ya ratsa lardin, kuma a tsaunukan da ke gefensa, a yankunan Xishuangbanna da Pu'er da Lincang, aka fi noman shayin. Irin da ake shukawa a can mai manyan ganye ne, dangin na Assam ta Indiya. A wasu ƙauyukan ma bishiyoyi ne sosai da ake hawa a tsinko ganyensu, ba gajerun da ake askewa daidai ƙugu ba. Tsofaffin dazuzzukan shayi na tsaunin Jingmai, waɗanda ƙabilun Bulang da Dai suka yi ɗaruruwan shekaru suna kula da su, hukumar UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Wannan babban ganye ya fi ƙananan ire-iren gabashin Sin yawan sinadaran ɗaci da bauri, kuma nan gaba za a ga dalilin da ya sa hakan ke da muhimmanci.

Duk jan shayi na duniya, daga na Assam zuwa na Kericho a Kenya zuwa namu na Kakara a tsaunin Mambila, hanya ɗaya yake fara bi. A tsinko toho da ganye biyu ko uku na saman reshe. Kusan kashi 75 cikin 100 na ɗanyen ganye ruwa ne, shi ya sa sai an tsinko kilo huɗu zuwa biyar kafin a tashi da kilo ɗaya busasshe. A baza shi ya yi yaushi, sau da yawa ya kwana a haka, har sai an lanƙwasa karansa bai karye ba. Sai a murza shi, da hannu ko da na'ura. Murzar ce ke farfasa jikin ganyen, ruwan cikinsa ya fito ya haɗu da iska. Abin da ke biyo baya duk mai cin goro ya san shi: ka fasa farin goro ka ajiye, kafin ka waiwayo fuskarsa ta fara ja. Akwai wani sinadari mai aiki a cikin tsiro, irin wanda masana ke kira enzayim, wanda ke haɗa iskar oksijin da sinadaran baurin nan, ya mayar da su wasu sababbi. Ɗaya shi ne tiyafilabin, mai ba ruwan shayi haske da kaifi a harshe, ɗayan kuma tiyarubijin, mai ba shi ja da kauri. Ana tara murzajjen ganyen a kwanduna, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle na wasu sa'o'i, har ya juye daga kore zuwa launin jan ƙarfe.

A matakin busarwa ne hanya ta rabu, kuma duk abin da ya bambanta shai hong daga nan ya taso.

A masana'anta iska mai zafi ake hura wa ganyen, mai kaiwa digiri 100 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos. Wannan zafi aiki uku yake yi a lokaci guda. Yana kore ruwa. Yana kashe enzayim ɗin, ta yadda jan ganyen zai tsaya cak a inda mai shayin ya so. Yana kuma ɗan gasa ganyen, kamar yadda ɓawon burodi ko gyaɗa ke yin ja da ƙamshi a wuta. Daga nan ne jan shayin Yunnan na yau da kullum ya samo ƙamshinsa da aka san shi da shi, irin na gasasshen dankali da zuma. Shayin da ya bi ta wuta an gama masa magana. Ranar da ya fito daga masana'anta, ko 'yan makonni bayan haka, yana kan ganiyarsa, daga nan sai raguwa a hankali, cikin shekara ɗaya zuwa biyu ƙamshin ya dushe.

Mai shai hong kuwa sai ya kwashi ganyen ya baza shi sirara a kan manyan faya-fayan gora ko tabarmi, ya bar wa rana, yana juyawa lokaci zuwa lokaci. Zafin da ganye ke samu a rana da wuya ya wuce rabin na na'ura. Ruwa yana fita, amma a hankali, kuma ba ya fita duka. Na na'ura yakan sauka ƙasa da kashi 7 cikin 100, na rana yakan tsaya kusa da kashi 10. Enzayim ɗin bai mutu duka ba, ya dai lafa saboda ƙarancin ruwa. Babu gashi, don haka babu ƙamshin dankalin nan mai dukan hanci. Abin da aka samu ganye ne da aka dakatar ba tare da an rufe shi ba, wanda zai ci gaba da sauyawa a cikin takardarsa wata bayan wata.

Bahaushe ya san bambancin naman da aka yi banda da wanda aka gasa da wanda aka shanya, ko da daga sa ɗaya aka yanko su. Haka abin yake a shayi. A ƙauyen Tongmu da ke tsaunukan Wuyi na lardin Fujian, inda ake ganin a nan aka fara yin jan shayi a duniya, da hayaƙin itacen fayin, wanda Turawa ke kira pine, suke busar da shi, wannan shi ne bandarsu. Na masana'anta gashi ne. Shai hong shanya ce.

Ƙwarewar mai yin sa tana cikin sanin lokacin da zai kwashe ganyen daga kwando. Tunda rana ba ta tsayar da jan nan take, ganyen zai ci gaba da ja a kan faifai a sa'o'in farko, yayin da yake da sauran damshi. Saboda haka dole a fitar da shi tun bai nuna sosai ba, a bar wa rana da watanni masu zuwa ragowar aikin. Wanda ya jira ganye ya yi jajir kafin ya shanya, shayinsa zai fito da tsami mara daɗi. Wanda ya yi garaje kuma zai fito da warin ɗanyen ganye da ba ya barin sa. Sannan ga sama. Damina a Yunnan tana kamawa daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa Oktoba, rani kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. Tsinkar bazara ta Maris da Afrilu tana faɗowa a ƙarshen rani, lokacin da rana ke da ƙarfi iska kuma a bushe, shi ya sa ta fi daraja. Idan hadari ya haɗo ganye na kan faifai bai bushe a yini guda ba, an shiga matsala. Wannan ne ya sa manoma da yawa suka gina rumfuna masu rufin leda ko gilas mai barin haske ya shiga, don kada ruwan sama ko ƙura ko kaji su taɓa shanyar.

Mutum zai ɗauka cewa na rana shi ne ya fara suna, na wuta ya biyo baya. A kasuwa akasin haka aka yi. Bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan a 1937, yankunan gabas masu yin jan shayin fitarwa waje, irin su Qimen a lardin Anhui, suka shiga halin da kayansu ba sa iya fita, alhali gwamnati na matuƙar buƙatar kuɗin waje. Sai aka tura wani masanin shayi mai suna Feng Shaoqiu zuwa Yunnan. Ya isa Shunning, garin da yanzu ake kira Fengqing, a 1938, ya gwada manyan ganyen yankin, ya ga suna ba da jan shayi mai kauri da toho masu launin zinariya. A 1939 aka kafa masana'anta, kashin farko ya bi ta Hong Kong ya kai kasuwar Landan. Shi ne ake kira Dianhong, Dian kuwa tsohon sunan Yunnan ne. Tun farko don jirgin ruwa da ɗanɗanon Turawa aka yi shi, kuma shayin da zai yi watanni a teku dole ya bushe ƙayau, ya tsaya a hali ɗaya. Wuta ce kaɗai ke ba da wannan tabbaci.

Manoman tsauni kuwa a wancan lokacin ba su da na'ura, rana suke da ita. Da ma da ita suke busar da ganyen da ake yin shayin pu'er, wanda ake dannewa a yi curi, a da ma a kan alfadarai ake kai shi Tibet. Har yau ƙa'idar da hukumomin Sin suka fitar a 2008 ta ce ba a kiran shayi pu'er sai an yi shi da babban ganyen Yunnan da aka shanya a rana. A gundumar Zhenyuan akwai wani tsohon shayin gargajiya da ake kira mai zaƙin Taihe, wanda ake barin sa ya ɗan yi ja kafin a shanya, kuma mutanen Yunnan da yawa shi suke ɗauka kakan shai hong. Amma sunan shai hong bai yi tashe a kasuwa ba sai a shekarun baya-bayan nan, bayan pu'er ya koya wa masu saye cewa akwai shayin da ake ajiyewa ya ƙara daraja. Shi ya sa ake danne shi a curi irin na pu'er, wani giram 100, wani 200, wani kuma 357, nauyin gargajiya da idan aka haɗa guda bakwai a ƙunshi ɗaya suke ba da kusan kilo biyu da rabi.

To, yaya ake shan sa har a ji abin da ke cikinsa?

Sinawa suna da wani ɗan kwanon tangaran mai murfi da suke kira gaiwan, mai cin kamar mililita 100 zuwa 120. Wanda ba shi da shi, ƙaramar butar shayi ko kofin tangaran da ɗan faranti a matsayin murfi sun wadatar. Abin da ake bukata shi ne ganye da yawa, ruwa kaɗan, jiƙo gajere, a maimaita sau da yawa. Samarin fada a Zinder da Maraɗi da Agadas, masu dafa koren ganyen da shi ma daga Sin ake kawo shi, suna shan na farko da na biyu da na uku daga ganye ɗaya, sun san cewa kowane zagaye da halinsa. Bambancin shi ne a nan ba a ɗora ganyen a wuta, ruwan zafi ake zuba masa a tsiyaye.

Ga yadda nake yi. Ina sa bakin siririyar wuƙa a gefen curin, in ɗaga shi shafi-shafi don kada ganye ya dagargaje, domin gari shi ke kawo ɗaci. Giram 5 nake ɗiba, yanki kamar girman babban yatsa. In zuba ruwan zafi a kwanon in zubar, sai in jefa busasshen ganyen a cikin ɗuminsa, in rufe, in girgiza sau biyu, in buɗe kaɗan in kai hanci. A nan ne ƙamshin da ya ɓuya a takarda yake fara fitowa. A nawa curin zabibi na fara ji, da wani abu kamar goruba, a ƙarƙashinsu kuma ƙamshin tufafin da aka kwaso daga igiyar shanya da la'asar. Wannan na ƙarshen Sinawa suna da suna gare shi, ɗanɗanon rana suke ce masa, kuma shi ne alamar farko cewa ganyen bai ga na'ura ba.

Ruwan farko na wanki ne, a zuba a tsiyaye nan take, don ya tafi da ƙura ya kuma sassauta ganyen. Na biyu daƙiƙa goma kacal. Launinsa ba zai yi jan da aka saba gani ba, ruwan lemo ne mai haske, ana hango gindin kofi. A kurɓa kaɗan, a ja iska tare da shi ya fantsama a baki. Wanda ya saba da shayin jaka zai ce wannan ai lami ne, kuma nan ne mutane da yawa ke yanke masa hukunci su tashi. Ni ina ganin kuskure ne a auna shai hong da kofin farko. Ƙamshinsa ba a saman kofi yake ba, a cikin ruwan yake, sai an haɗiye an rufe baki an fitar da numfashi ta hanci sannan yake tasowa.

A zagaye na uku da na huɗu ganye ya buɗe, ruwan ya yi nauyi, yana da santsi a harshe kamar an ɗiga masa zuma alhali ba a sa komai ba. Akwai ɗan tsami, amma irin na 'ya'yan itace, kamar na kanya ko magaryar da ta bushe, mai zuwa ya wuce. Akwai ɗan bauri a gefen harshe, gadon babban ganyen nan. Sai kuma abin da ya sa nake ƙaunar wannan shayi: bayan an haɗiye da kamar rabin minti, baurin ya saki, yawu ya taru a ƙarƙashin harshe, wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Sinawa suna kiransa hui gan, wato zaƙi mai dawowa. Duk wanda ya taɓa cin goro ya kora da ruwan sanyi ya ji ruwan ya zama kamar an sa masa sukari, ya san ainihin abin da ake nufi. Jan shayin da aka gasa yakan ba da zaƙinsa tun a kurɓar farko, a gaban harshe. Na rana a baya yake ajiye nasa, kuma wannan hali daga pu'er ya ɗauko shi.

Daga zagaye na biyar sai a riƙa ƙara lokaci, daƙiƙa ashirin, talatin, minti guda. Ganye mai kyau yana kai zagaye takwas zuwa goma bai gaji ba. Na ƙarshe-ƙarshen babu bauri ko kaɗan, sai zaƙi siriri kamar na rake. Kada a manta da shinshina kofin bayan an shanye ya huce, domin ƙamshin zumar ya fi zama a jikin tangaran. A ƙarshe a juye ganyen a faranti a duba. Ya kamata ya zama launin jan ƙarfe, da ɗan kore-kore nan da can, mai laushi amma ba ya narkewa idan aka murza shi da yatsa. Koren nan shi ne shaidar cewa an kwashe shi tun bai gama nuna ba.

Ruwa yana da hannu a wannan al'amari fiye da yadda ake zato. Tun a ƙarni na 8 Lu Yu, wanda ya rubuta littafin farko a kan shayi a ƙasar Sin, ya ce ruwan dutse ya fi, na kogi ya biyo, na rijiya ne a ƙarshe. Na ga gaskiyar haka da ruwan burtsatsen gidanmu mai nauyi: shayin ya yi duhu, wani ɗan fatsi-fatsi ya kwanta a samansa, zaƙin nan mai dawowa kuma ya ɓace. Ruwan famfo mai warin magani shi ma haka. Ruwan gora mara nauyi ya fi dacewa. Zafi kuwa, masu shayin Yunnan sukan ce a zuba tafasasshe, amma a tuna cewa Kunming, babban birnin lardin, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 94. A Kano ko Sakkwato sai ya kusa 100 yake tafasa. Don haka idan buta ta tafaso, a sauke ta a ba ta minti ɗaya.

Wanda zai saya ya fi kyau ya gwada shi da hanyar masu tantancewa, wadda ba ta ɓoye aibi: giram 3 a tafasasshen ruwa mililita 150, a bar shi minti 5 cur. Kowane shayi zai yi ɗaci a haka, abin dubawa shi ne abin da ya biyo bayan ɗacin. Idan ya saki ya bar zaƙi, ganyen na kirki ne. Idan ya bar maƙaƙi a maƙogwaro, ko tsami irin na kunun da ya kwana, to shanyar ta gamu da damshi. Warin fumfuna kuwa babu gyara, zubarwa ake yi. Ƙauri ko ƙamshin gashi mai ƙarfi yana nuna wuta ta taɓa shi, ko da takardar ta ce rana ce.

Batun madara da sukari ba na ganin laifin kowa a kai. Ganyen da ke cikin jakar shayi, wanda na'urar da aka ƙirƙiro a Assam a farkon shekarun 1930 ke yayyankawa ta dunƙule shi ƙanana, an yi shi ne don ya saki ƙarfinsa duka cikin minti biyu ya kuma tsaya wa madara. Mai shayin bakin titi da ke ɗaga kofi sama yana shekawa ya yi daidai da ganyen da ke hannunsa. Shai hong ne ba a yi shi don haka ba. Madara tana kama sinadaran baurin ta rufe su, kuma daga baurin nan zaƙi mai dawowa ke fitowa. Sukari kuma yana cika harshe har ba a jin siririn zaƙin ganyen. Abin da na yi asara ke nan a daren farko.

Sai maganar ajiya, wadda a kanta 'yan kasuwa suka fi zuzuta shi. Gaskiya ne yana sauyawa. Sabon shai hong yana da ɗanye-ɗanye da tsamin da ya ɗan fito fili. Bayan wata shida zuwa shekara ɗanyen ya tafi, ruwan ya ƙara ja, ɗanɗanon ya karkata zuwa na ɗinya da dabino da mazarƙwaila. Amma a ra'ayina kada a yarda da wanda ya ce zai yi ta ƙaruwa har abada. Ɗanyen pu'er yana iya shekaru ashirin yana sauyawa saboda kusan duk sinadaran baurinsa na nan ba a taɓa su ba. Shai hong an riga an cinye mafi yawan nasa tun a kwando, ɗan guzurin da ya rage ne yake tafiya da shi. Shekara ɗaya zuwa uku ita ce lokacin da na fi amincewa da ita. Wanda ya saye shi don ya sha ya yi dabara, wanda ya saye shi don ya tara dukiya kuwa ya tuna yadda farashin pu'er ya rushe a 2007 ya bar mutane da ɗakuna cike da curin da babu mai saye. Haka kuma rubutun "tsohuwar bishiya" a jikin takarda ba hujja ba ne, tsofaffin bishiyoyin kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan shayin da ake sayarwa da sunansu. Masu cewa yana maganin kaza da kaza su ma a bar su da maganarsu. Abin da ya tabbata shi ne yana da kafeyin kamar kowane shayi, mai iya hana barci idan aka sha da dare, kuma shan shayi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga hatsi da ganye, don haka mai ƙarancin jini ya ba da tazara.

A ƙasarmu ajiyarsa tana da wuyar da ba ta da ita a Kunming. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, kuma ɗakunanmu ba sa rasa turaren wuta, madafinmu ba ya rasa daddawa da kananzir. Kwana biyu kusa da humra sun isa su kashe shi. A hunturu iska tana bushewa har sauyin ganyen ya kusa tsayawa, a watan Agusta kuma damshi yana iya kawo fumfuna, musamman ga ganyen da da ma yake da sauran ruwa a jikinsa. Firji bai dace ba, saboda raɓar da ke kwanta masa duk sa'ad da aka fito da shi. Ni a cikin takardarsa nake barin sa, in sa a gwangwani mai murfi wanda bai taɓa ɗaukar wani abu mai ƙamshi ba, in ɗora a saman kanta nesa da bango da hasken taga. Idan damina ta yi nisa nakan buɗe in shinshina duk bayan mako biyu.

Bayan curin ya ga damina biyu a gidana, Kawu ya zo mana da hantsi, na ɗora buta na fito da shi. Ya ga ƙananan kofuna babu sukari a tire, ya dube ni bai ce komai ba. Ya sha na farko, ya sha na biyu. A na huɗu ya ajiye kofin ya yi shiru yana motsa baki.

"Ka ce ba ka sa komai a ciki ba?"

"Ko ƙwaya, Kawu. Ku ɗan jira, zai ƙara tasowa."

Muka kai zagaye tara kafin azahar. Abin da ya rage na curin, kamar rubu'insa, na naɗe shi na rubuta wata da shekara a jikin takardar, na mayar cikin gwangwani.